Leɓen Mai Ƙaho

Yayana mai busa ƙaho ne a badujalar 'yan kwana-kwana, kuma ban da wannan bai iya komai ba. Ba zagi ba ne, ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, na fi kowa sanin abin da nake faɗa. In ka ba shi guduma yatsansa zai doka, in ka aike shi kasuwa da rabin saƙo zai dawo. Shekara goma sha tara yana sa kakin masu kashe gobara, amma ko bokitin ruwa bai taɓa watsa wa wuta ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a layi na biyu, na uku daga dama, ya ɗora bakin ƙaho a leɓe, ya jira mai sanda ya ɗaga hannu. Mai sanda shi ne shugaban badujalar, wani dattijo mai ƙatuwar murya da kowa yake shakka.

Tun yana ƙarami i'ina ta riƙe wa Yaya harshe. Umma ta ce kafin ya gama cewa yana son ruwa, ta ɗebo ta kawo har ta koma kan aikinta. Da na taso sai na zama bakinsa. Shi zai fara magana, ni zan ƙarasa, kuma in aka tsokane shi a hanyar makaranta ni ce mai ramawa. Masu cewa na cika baki ba su san na mutum biyu nake yi ba. Yanzu ma da nake koyarwa a firamare, har gida yake kirana in zai je wani ofis, in raka shi.

Yana da shekara goma sha biyar wani maƙwabcinmu, tsohon ɗan badujala, ya ba shi bakin ƙaho da ya daina amfani da shi. Ɗan ƙarfe ne mai kama da mazurari, bai kai tsawon yatsa ba. Yaya ya cusa shi a guntun tiyo ya dinga hana mu sakat da rana tsaka. Baba ya jefar da tiyon sau uku, sau uku yana samo wani. Na daɗe ban gane abin da ya gani a ciki ba, sai daga baya na lura cewa in yana busa ba ya i'ina. Sautin yana fita santal, ya hau ya sauko yadda ya ga dama, babu inda yake sarƙewa. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta taɓa ce min har yau bai taɓa iya ƙarasa mata kalmar so da baki ba, amma ta ji ta a ƙaho tun kafin a kai ga maganar aure.

Yana da wata ɗabi'a da muka mayar abin dariya a gida. Duk abin da yake ƙara a jere, Yaya sai ya bi shi da kai. Fanka mai ƙiƙi-ƙiƙi, keken ɗinkin Anti, famfo mai ɗiga, abin share gilashin mota, da ya ji sai ka ga haɓarsa tana ɗan sauka tana tashi. Bai san yana yi ba. In ka ce masa ya daina sai ya dube ka da mamaki ya ce ya daina me.

Wani haƙorinsa ya fara ciwo ne wajen wata biyar kafin kowa ya sani. Turmin can ƙarshe ne na ƙasa, ɓangaren dama, irin wanda yake fitowa bayan mutum ya girma, nasa kuma bai fito daidai ba, kwanciya ya yi a cikin dasashi. Yaya ya ɓoye. Ya dinga cusa kanumfari yana kurkure baki da ruwan gishiri, a wurin aiki kuma ya riƙa karkatar da ƙahon zuwa hagu don ya kauce wa zafin. Mai sanda ne ya fara ganewa, ya daka masa tsawa a gaban kowa cewa ƙahonsa ya fita daga layi. Washegari Anti ta kira ni a waya tana kuka.

Na same shi zaune a bakin gado, kuncinsa ya kumbura har ya ja idonsa, bakinsa ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu.

"Yaya, wata nawa ke nan?"

"Ba-ba-ba komai, Auta."

"Ba komai ne ya mai da fuskarka haka? Tashi ka sa riga. Wallahi ko ka tashi ko in kira Umma ta zo ta gani da idonta."

Ya tashi. Tsoron ɓacin ran Umma ya fi masa ciwon.

Likitan haƙorin ba ya da yawan magana, kuma na ji daɗin haka. Ya leƙa iya inda bakin ya bari, ya sa aka ɗauki ƙaramin hoto, ya kafa shi a jikin fitila ya kira mu. Ga haƙorin nan fari a kwance, da saiwa biyu. Ƙarƙashinsa akwai wasu siraran layuka biyu da suka bi tsawon muƙamuƙin, ya ce hanyar jijiya ce, ita take sa mutum ya ji leɓensa na ƙasa da haɓarsa. A hoton, saiwar ta hau kan hanyar. Ya ce amma irin wannan hoto shafaffe ne, kamar ka ga mutum biyu a hoton biki, ba za ka sani ba ko kafaɗunsu a haɗe suke ko ɗaya yana can baya. Sai an yi babban hoto, wanda na'ura take zagaya kai ta nuna ƙashin ta kowane gefe, kafin ya sa wuƙa.

Na tambaye shi abin da zai faru in an taɓa jijiyar.

"Leɓen zai mutu," in ji shi. "Wani sati kaɗan ne ya dawo, wani watanni, wani kuma shi ke nan. Amma kar ku tsorata, zai ci, zai sha, zai yi magana."

Yaya ya ɗago kai. "Bu-bu-busa fa?"

Na yi wa likitan bayanin aikin Yaya. Ya ajiye biron da ke hannunsa ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce mu je a yi babban hoton gobe-gobe, domin mugunya ta taru, maganin da zai rubuta zai riƙe ta ne na 'yan kwanaki kawai, ba zai so a wuce sati ba a cire ba. A hanyar gida Yaya ya yi ta shafa leɓensa da babban yatsa. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba.

Wurin hoton yana can wani gini, ƙarshen wani dogon baranda, bayan wata ƙofa mai nauyi. Mai hoton mace ce mai ɗan shekaru, da tabarau a rataye a wuya, irin matan da suka gaji da maimaita magana ɗaya. Ta sa Yaya ya cire duk wani ƙarfe. Ya cire agogo, ya zaro bakin ƙaho daga aljihun gaba ya miƙo min, don ko wanka zai shiga yana kusa da shi. Ta rataya masa wata riga mai nauyi, ta tsayar da shi a gaban na'urar, ta ɗora haɓarsa a kan wani ɗan tudu, ta sa masa ɗan roba ya ciza da haƙoran gaba, ta kama hannayensa ta ɗora a mariƙi.

"Malam, daƙiƙa ashirin kacal nake nema. Kar ka haɗiye yawu, kar ka motsa ko gashin ido."

Ta bar ni na tsaya tare da ita a bayan gilashi. Ta danna, hannun na'urar ya fara zagaya kan Yaya a hankali yana ƙara, tit, tit, tit, a jere. Kafin ta uku na ga haɓar tana sauka tana tashi. Na dafe kai.

Hoton ya fito kamar an shafa masa hannu kafin ya bushe. Mai hoto ta sa tabarau ta duba ta cire, ta ce mutum sai ka ce yana rawa. Na ce mata ƙarar ce take jansa. Ta yi tsaki, ta samo auduga ta toshe masa kunnuwa, ta ƙara ɗaure masa goshi da maɗauri, ta sake dannawa. Wannan karon kan bai motsa ba, na fara murna. Ashe abin ciki ya koma. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu duk abin da aka sa masa a baki sai ya shirya busa, da ya ji roba a tsakanin haƙora sai ya tattara leɓe, ya turo muƙamuƙi gaba, harshe ya fara bugun lokaci. Hoton ya fito da kyau ko'ina, ban da daidai wurin da ake nema.

Mai hoto ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "'Yar'uwa, hasken nan ba ruwan famfo ba ne da zan yi ta kwarara masa a kai. Sau ɗaya ya rage. In ya ɓata, ba zan ƙara ba sai bayan watanni, ko wa zai roƙe ni. Ku fita ku sha iska, ku yi magana."

Ba mu da watanni, kwana shida muke da su. In babu hoton, likita zai shiga ne da lalube a wurin da kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai kashe leɓen. A baranda na sauke wa Yaya duk abin da ke cikina. Na ce masa ƙaton mutum mai 'ya'ya uku ya kasa tsayuwar daƙiƙa ashirin, abin da 'yan aji ɗaya suke yi min kullum. Na ce shi ya ja wa kansa da ya ɓoye ciwo wata biyar. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Mutanen da ke kan benci suka yi ta kallonmu.

Bai yi fushi ba. Ya jingina da bango, hawaye na bin kumburarren kuncin, ya ce, "Ba-ba ni nake yi ba, Auta. Wa-wallahi ba ni ba ne."

Kunya ta rufe ni. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ni ma na fashe da kuka, muka zama abin kallo mu biyu. Ina cikin kukan ne na tuna wata rana da na je kallon faretinsu. An tsayar da su a rana ana jiran babban baƙo, ganga ɗaya tana bugawa a can gefe, ƙuda ya sauka a kan hancin Yaya ya yi yawonsa ya tashi, Yaya ko ƙiftawa bai yi ba. Wuri ɗaya ne a duniya da jikinsa yake daina bin sauti, wato in mai sanda ya ce a ƙame.

Na karɓi wayarsa na nemo lambar. Mai sanda ya ɗauka da faɗa, yana tambayar dalilin da ya sa ba a ga Yaya a wurin atisaye ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwarsa ce. Don girman Allah tsawa ɗaya nake roƙo." Na yi masa bayani ina haɗa magana da shessheƙa. Ya ce in kai wayar inda yaronsa zai ji shi.

Mai hoto ta dube ni kamar na taɓu, amma ta yarda. Ta cire audugar, ta sake tsayar da Yaya, muka koma bayan gilashi. Akwai ɗan abin magana da take yi wa marasa lafiya umarni da shi, na kara wayar a jikinsa.

"Layi na biyu, na uku daga dama!" Muryar ta cika ɗakin har gilashin ya yi rawa. "Ƙaho a ƙasa! Babu mai busa sai na ce! Badujala, a ƙame!"

Na ga bayan Yaya ya miƙe, kafaɗunsa suka koma baya, leɓen ya saki. Mai hoto ta danna. Na'urar ta yi ta tit-tit ɗinta ta zagaya ta dawo, Yaya yana tsaye kamar an dasa shi. Har ta gama bai motsa ba, sai da mai sanda ya ce a huta. Hoton ya fito tas. Mai hoto ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shekara ashirin da biyu tana wannan aiki ba a taɓa yi mata fareti a ɗaki ba. Na rungume ta. Na ɗauka mun tsallake.

Washegari likita ya buɗe hoton a kwamfuta. Yana juya muƙamuƙin Yaya da ɗan yatsa, ya duba ta sama, ya duba ta ciki, ya yanka shi sala-sala. Ya bi jijiyar da jan layi don mu gani. Layin ya taho ta cikin ƙashi, ya iso ƙarƙashin haƙorin, ya shige ta tsakanin saiwoyin biyu, su kuma suka lanƙwaso ta ƙasa suka rufe shi, kamar yatsu sun riƙe igiya.

Ashe duk wahalar da muka sha, don mu ga wannan ne ƙarara.

Na tambaya ko babu wata dabara. Ya ce akwai wadda ake yanke kan haƙorin a bar saiwar a ciki don kar a je kusa da jijiya, amma ta Yaya ruɓa ta riga ta shiga saiwar, in an bar ta ciwon zai ci gaba. Ya ce duk da haka hoton ya yi amfani, yanzu ya san inda zai raba haƙorin, ya zare kowace saiwa ta gefenta. Da babu hoton da fizgewa zai yi, jijiyar ta tsinke. Na ce to ya yi mana alƙawari leɓen ba zai mutu ba. Ya ce ba zai yi ba.

"A ba-ba-bar shi," in ji Yaya.

"Malam, in na bar shi mugunyar za ta gangara wuya ta toshe maka numfashi. Ba maganar leɓe za a yi ba a lokacin."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ta sarƙe. Na san abin da zai ce, kalmomin suna kan harshena, amma ranar na kama bakina. Ya yi ta fama, jijiyoyin wuyansa suka tashi, likita yana jira. Ya fi minti guda kafin ya fitar da ita.

"In le-leɓen ya mutu, da me zan yi ma-magana?"

Likita ya ajiye masa takardar amincewa da aikin. Yaya ya ja takardar ya sa hannu.

Aikin ya ɗauki kusan awa biyu. Ni da Anti muna baranda, ita tana addu'a, ni ina kai da komo har wani ma'aikaci ya roƙe ni in zauna. Haƙorin ya fito gida huɗu. Likita ya fito da gumi ya ce ya ga jijiyar da idonsa, ba ta tsinke ba, amma ta sha ja, ta ƙuje. Ya ce yanzu sai jira. Ya koya min gwajin da zan riƙa yi masa duk sati: ya rufe ido, in ɗauki silin auduga in taɓa haɓar da leɓen wuri-wuri, duk inda ya ji ya faɗa, in zana iyakar inda ya mutu don mu ga ko yana raguwa.

Yau wata biyar ke nan. Kumburi ya tafi, ciwo ya tafi, Yaya yana cin abinci har ya yi ƙiba. A wurin aiki mai sanda ya hana a taɓa shi, ya mai da shi ɗakin ajiya, yana goge ƙahonin wasu yana jera su. In yana shan shayi yakan zubo ta gefen dama bai sani ba, Anti ta miƙa hannu ta goge ba tare da ta katse hirarta ba. Sau ɗaya na ji ya gwada busa a bayan gida. Iska ce kawai take tsiyaya ta gefe, da wani sauti mai kama da kukan ƙofa. Ya yi sau uku ya daina. Da ya shigo na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Duk Asabar da hantsi nake zuwa. Mu fito tsakar gida inda haske yake, ya zauna a kan kujerar roba, in zana masa iyaka da jagirata. Watanni ukun farko da'irar ta yi ta raguwa, daga faɗin tafin hannun jariri ta bar haɓar ta hau sama, muna ta murna. Daga nan ta tsaya. Abin da ya rage bai fi kan babban yatsa ba, amma yana daidai inda bakin ƙaho yake zama. Sati tara ina zana layi a kan layin da ya gabata. Likita ya ce har shekara ana sa rai, sai dai ya faɗe ta yana kallon takarda.

Asabar ɗin da ta wuce Yaya ya yi aski, ya sa farar riga, ya zauna ya rufe ido tun kafin in ce. Na taɓa haɓa, ya ce ya ji. Na taɓa gefen hagu, ya ce ya ji. Na tsaya ina gyara silin audugar don in kai tsakiyar leɓen, raina duk a jagule.

"Na ji!" Ya faɗe ta a tsaye, babu i'ina ko kaɗan. "Auta, na ji! Nan, daidai nan!"

Idonsa a rufe, fuskarsa duk dariya, yana nuna wurin da yatsa. Anti ta fito da gudu daga ɗaki da zare a hannu. Ni kuwa hannuna yana kan cinyata, audugar ba ta ko kusanci fuskarsa ba.

"Ko ba nan kika taɓa ba?" in ji shi.

Anti tana kallona, ta ga inda hannuna yake.

Na ce, "Nan ne, Yaya."